Makirfon da ya ƙwace mini kujera

A duk unguwar Nima babu kunne irin nawa. Sauro in ya wuce, ina iya gaya maka ko na unguwarmu ne ko na Maamobi. Kowa ya sayi sifiku ni yake kira, a ba ni kujerar tsakiya da kwanon waakye, wato shinkafa da wake, ina lumshe ido ina cewa a ƙara nan, a rage can.

Sai ƙanena ya sayo na'ura mai sifiku biyar da ake haɗawa da talabijin, bai neme ni ba. Na kai kaina. Na tarar ya ɗora wani ɗan makirfo da bai fi goro ba a kan kujerata, har ya roƙi matan gida su dakata da dakan fufu. Ni ba a taɓa tsayar da turmi saboda ni ba. Sifikun suka riƙa huci ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana auna ɗakin tana daidaita kanta.

Na kasa haƙuri, na ce, "Ta hagu ta yi ƙasa."

Nan take talabijin ta nuna hayaniya ta yi yawa, a sake awon.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ɗan jira a waje mana. Shi in yana saurare, ba ya magana."