Maganin gyambon Tabawa a ofishin aika kaya

Jama'a, yau an ce maganina kayan gobara ne!

Tun shekarar babban fari, kafin a yi Jigawa, malamin asibitin Kiyawa yake ba mu garin famanganet, mu jiƙa mu wanke ciwo. Da safe na jiƙa wa ƙawata Tabawa, gyambon ƙafarta ya tashi. Na kai kwalbar maganin ofishin aika kaya a nan Dutse, don a kai mata Kiyawa.

Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, garin nan yana rura wuta. Shi ya sa doka take tambayar ƙarfinsa. Kashi nawa ne cikin ɗari?"

Na ce, "Ɗan nan, na sirka shi! Sai da ya koma launin furen wake."

Ya ce, "Doka ba ta san furen wake ba, Hajiya."

Ikon Allah! Da can a kanmu muke ɗauko shi daga asibitin, muna tafe muna hira, ko zani bai taɓa ƙonewa ba.

Na karɓe abina, na hau motar Kiyawa, na wanke mata ƙafar da hannuna. Cikin matan da muka bi layin asibitin nan, ni da ita muka rage, sai Iya Ladi da ba ta gani.