Karan Dawa a Hannun Hagu

Jiya a wurin gayya iska ta kaɗa wani karan dawa, ya ɗaga ya sauka, sai na ji hannuna ya tsaya cak a kan ganga. Kawuna na tuna, makaɗin noma na Beli, wanda ya koya mini kiɗa.

Shekarar da hannunsa na dama ya shanye, ya daina fita, manoma suka fara neman wasu makaɗa. Da ƙyar na ja shi Karaye kallon majigin Turawa. A jikin farin ƙyalle muka ga wani Bature ya juya wa jama'a baya yana kaɗa ɗan sanda, makaɗa jingim suna bin hannunsa.

Kawu ya matse mini kafaɗa. "Ɗan nan, ka ga wancan? Ko ganga ɗaya bai taɓa ba, amma shi ke kiɗan."

Da damina ta zagayo, ya zaro kara daga danga da hagu, ya tsaya gabanmu, mu makaɗansa, a wurin gayya. In ya ɗaga mu tashi da kiɗa, in ya sauke mu yi tsit.

Har yau ba na iya rufe kiɗa sai na dubi inda yake tsayawa, ina jiran karan ya sauka. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya miƙe masa hannun nan.