Gidan da Ke Kallon Titi Biyu

Ni dai har yau in na ji warin ɗanyen siminti a jikin tsohon bango, abin da ke fara zuwa raina shi ne, me aka rufe? Kada ka ga laifina. A wurin Kaka na gada, mahaifiyar Babanmu, wadda ta goye ni ta yaye ni.

Lokacin muna haya a unguwar Abena, ɗaki biyu da rumfa. Baba yana saro atamfa daga Kusri, garin da ke tsallaken kogi, ya tsallako da ita ta gadar Ngueli, ya raɓa a rumfar wani a kasuwa. Bayan damina, laka ta fara tsagewa a tituna, sai ga dillali da labarin wani gida a tsohuwar unguwa, a kan kusurwa, titi ta gabas titi ta kudu. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Tun bai ga gidan ba ya riga ya fasa masa ƙofofin butik, wato shago, a ransa.

Ranar zuwa dubawa Kaka ta ce ƙafarta ƙafarmu. Dillalin nan kuwa baki gare shi, yana zuba Larabci yana sirkawa da Hausa. "Hajiya, kusurwa ai arziki ce. Iska ta ko'ina, mai saye ta ko'ina."

Kaka ko soro ba ta leƙa ba. Bangon waje ta bi tana shafawa da tafin hannu. An yi masa sabon yaɓe, amma tabo-tabo, wasu daidai ƙirji, wasu can sama. Ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa ɗaya, simintin ya faɗo, sai ga rami zagayayye, yatsarta ta shige ciki.

"Gara ce, Hajiya," in ji dillali.

"Garar unguwarku da bindiga take yawo?"

A hanyar komawa ta buɗe bakinta. Ashe lokacin da aka yi yaƙi a cikin gari, kafin a haife ni, gidansu a kusurwa yake. Masu bindiga irin gidan suke fara nema, don daga samansa ana hango titi biyu. Suka haye rufinsu, na can ƙasan titi suka maido wuta, Kakanmu namiji yana tsakar gida yana alwala. Ni duk tsawon rayuwata an ce mini zazzaɓi ne ya kashe shi.

Baba ya ce, "Inna, yaƙi ai ya ƙare."

"Ya yi maka sallama ne da zai tafi? In ka saya, kanka ka saya wa. Ni Kusri zan koma wurin ƙanwarka."

Baba ya ɗauka barazanar tsofaffi ce, ya saya. Ranar tashi, ana loda kayanmu a amalanke, ta fito da akwatinta da tabarma ta nufi wata hanya daban. Na riƙe zaninta ina ihu, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya, idonta jawur. Wallahi na daɗe ina jin haushinsu su biyun.

Gaskiya dai gidan bai ci mu ba. Da bindigogi suka sake tashi a gari bayan shekaru, muka kwanta ƙarƙashin gado, ko harsashi ɗaya bai taɓa bangonmu ba. Butik ɗin ya cika, shi ya ciyar da mu, shi ya kai mu lakwal, makarantar boko. Yanzu je ka sabuwar unguwa irin Lamadji ka gani, filin kusurwa ake fara wawashewa, kowa na lissafin shaguna, ba mai ɗaga kai ya dubi rufi. In an tambaye ni ko gidan kusurwa abin so ne, sai in ce ya danganta da abin da mutum ya gani da idonsa.

Kaka har ta rasu ba ta taka dokin ƙofarmu ba. In ta tsallako ganinmu, a gindin bangon maƙwabta take shimfiɗa tabarma ta aika a kira mu. Nan Baba yake zuwa, mutane na wucewa, ya durƙusa a kan titi ya gaida uwarsa.