Ranar da Habboba Ta Kai Ruwan Randarta Makaranta

Kakarmu ta wajen uba, Habboba Tumba, ba ta son a katse mata magana. Ƙauyenmu yana bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin auduga, tsallaken kogi daga Rufa'a. Da an idar da magariba an ci kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, sai ta jawo murhun gawayi gaban gadonta, ta ɗora shayi, mu kuma mu zube a ƙasa, jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Da Hausar Sakkwato take ba da tatsuniya, wadda ta zo da ita tana yarinya a bayan iyayenta kan hanyar Makka. In ka amsa mata da Larabci, sai ta yi kamar ba ta ji ba.

Ina aji uku wani malami ya zo daga birnin Madani a bayan lori da akwatin ƙarfe. Aka yi shela iyaye su kawo ƙananan yara filin makaranta bayan la'asar. Habboba ta ce ita ta girmi kallon 'yan dabo, ba ta je ba. Ustaz Hamad, haka ake kiransa, ya cika kofi da ruwa, ya rufe da takarda ya kife, ruwan bai zuba ba. Ya kunna guntun takarda ya jefa cikin kwalba, ya ɗora dafaffen ƙwai a bakinta, kwalbar ta haɗiye ƙwan muna kallo. Ya ce babu sihiri a ciki, iska ce ke turawa, kuma duk abin da aka faɗa mana mu tambayi dalilinsa.

Maganar nan ce ta jawo mana. Habboba ta fara labarin kurar da ta haɗiye ganga, sai ƙanena Mamman ya ɗaga hannu kamar a aji, ya tambaya ta ina ganga ta bi maƙogwaron kura, ko wuta aka kunna mata a ciki. Wata yarinya ta tambaya da wane harshe kurar take magana. Mako guda babu labarin da ya kai ƙarshe. Sannan Mamman ya kwashe ƙwan kazar Habboba mai kwanci, ya zubar da man da take shafa wa gwiwa don ya sami kwalba, ya kusa cinna wa dangar gidan wuta. Ƙwan ma bai shiga ba.

"Wanga mutum ya ɓata min ɗiya," in ji ta. "Mi kwalba za ta yi da ƙwai? Yunwa taka ji?"

Ta daina tatsuniya gaba ɗaya. Mu zauna, ta sha shayinta, ta kore mu. Na yi kwanaki ba na yi wa Mamman magana.

Bayan wata guda Ustaz ya dawo, ya aiko cewa kowane gida ya zo da ɗan ruwan da yake sha. Habboba ta ɗauki sandarta, ta ɗebo ruwa a randarta da take alfahari da ita, ta ce in wuce gaba in yi mata tafinta, za ta je ta gaya masa gaskiya. Haka na tsaya a gaban mata da yara ina juya faɗanta zuwa Larabci, ina rage zafinsa, tana zungurina da sanda wai abin da na faɗa ya gajarta. Ustaz ya saurara har ta gama, ya ba ta haƙuri, ya ɗiga ruwanta a ƙarƙashin wani madubi mai ƙara girman abu, ya ce Hajja ta fara dubawa.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ba ta dube shi ba, ni ta tambaya a hankali ko na ga suna motsi. Na leƙa, na ce suna yi. Ustaz ya yi wa iyaye bayani cewa akwai irin waɗannan ƙananan halittun da ke fitowa daga dodon koɗin tur'a, su huda fatar yaron da ke wanka, su ne ke kawo tsargiya. A lokacin Mamman ya yi watanni yana fitsarin jini, Habboba ce kuma ta ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, alamar girma ce. Ta ɗauki sandarta, muka koma gida.

Da magariba ta jawo murhu ta ce mu matso, ta zo mana da wata tatsuniya. Wai akwai wani sarki da ke zaune a gidan dodon koɗi, rundunarsa dubu tana kwana a kan bakin allura. Sarakunan duniya sun raina shi don ba sa ganinsa, shi kuwa yana shiga ta ƙafar 'ya'yansu yana shan jininsu. Maharba suka fita da baka, suka rasa abin harbi. Sai wata tsohuwa ta ce a bar mata, ta gayyaci rundunar walima a cikin tukunya, ta hura wuta a ƙarƙashi. Mamman ya buɗe baki zai yi tambaya, ta nuna shi da cokali.

"Kai kuma gobe ubanka shi kai ka shafahana wurin likita. Kan kusu, na gama."

Aka kai shi, aka yi masa allurai, ya warke. Wahalar kuwa a kaina ta ƙare. Ni ce mai nemo kara, ni ce mai tafasa ruwan sha da na wankan ƙanana, shekara da shekaru. Duk wanda Habboba ta gani a tur'a ya sha sanda. Abin da ya fi ba ni haushi, ko sau ɗaya ba ta ambaci Ustaz ba. In aka tambaye ta ina ta samo labarin, sai ta ce wurin kakarta, tun a Sakkwato. Ni da na tsaya kusa da ita a gaban madubin, na ce mata Habboba ki ji tsoron Allah, ta ce yaran zamani ba su da kunya.

Na girma na yi aikin lafiya a ƙauyukan wajen Dindir. Na sha ɗora madubi a kan tebur, mata su leƙa, su riƙe baki, washegari in tarar da 'ya'yansu tsamo-tsamo a ruwa. Wata rana takaici ya ishe ni, na ture madubin gefe, na zauna a tabarma na ba su labarin sarkin gidan dodon koɗi. Da na koma bayan mako biyu, yara ke hana juna shiga tur'a, kuma na ga tukwane a kan wuta. Wata dattijuwa ta tambaye ni ina na samo shi. Na ce wurin kakata. Ni dai ban yi ƙarya ba.