Ranar Da Na Sa Sagir Ya Kayar Da Ni

Duk shekarun da na yi ina horar da 'yan zari-ruga a Dubai, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata safiyar Asabar da na ajiye usur na ɗauki ƙwallo da kaina, ina da shekara hamsin da uku, ga gwiwar hagu mai ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha jin ana tsokanata da wannan rana. To yau ku ji daga bakin mai ita.

Ni asalina malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Kano. Da na zo Dubai na fara aiki a wani gidan motsa jiki a Al Nahda, a can wani Bature ɗan Ingila ya ga yadda nake bi da mutane, ya kai ni kulob ɗinsu na zari-ruga. Ga wanda bai san wasan ba, mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma dogo ne kamar gwanda. Da hannu ake ɗaukarsa a ruga, ba a miƙa shi gaba sai baya, kuma hanyar tsayar da wanda ya ɗauko shi ita ce a kayar da shi ƙasa. Yawancin 'yan kulob ɗin mutanen Birtaniya ne, can wasan ya samo asali, kuma kowa da aikinsa na ofis, da yamma ne suke zuwa su kwashi juna.

Tsarinmu shi ne akwai babban koci, Mista Graham, shi ke zaɓen waɗanda za su buga. Akwai mai duba rauni. Sai ni, mai horon ƙarfi da juriya. Aikina in gina musu wuya da kafaɗa da cinya, in sa su gudu har numfashinsu ya saba, in auna nauyinsu kafin atisaye da bayansa don in san ruwan da zafin garin nan ya tsotse musu. Muna fita Talata da Alhamis bayan la'asar, sai Asabar da sassafe.

Sagir kuwa ni na kawo shi. Ɗan Kurna ne, yana aikin loda kaya a wani shagon kago a Al Rigga, inda 'yan kasuwarmu ke tara kayansu kafin a tura gida. Na je aika saƙo na gan shi ya saɓa firji a kafaɗa yana amsa waya da ɗaya hannun. Shekararsa ashirin da shida. Da muka gaisa sai ta tashi mahaifinsa maƙwabcin surukaina ne, daga ranar ya riƙa ce min Kawu. Wata bakwai na yi ina aiki a kansa. Mai ɗaukar kaya yana da ƙarfi amma ba shi da numfashi, ranar farko zagaye biyu ya yi ya kwanta a ciyawa yana salati. Kafin ƙarshen bazara ya wuce rabin Turawan a gwajin gudu, kuma ya ƙudurta a ransa sai ya sa rigar rukunin farko, wato na zaratan 'yan wasan kulob ɗin. Ni ma na ƙudurta, don ba a taɓa samun Bahaushe a cikinta ba.

Saura mako biyu wasan tantancewa, wanda daga shi ake kafe sunayen rukunin farko na kakar, Mista Graham ya kira ni ofis ya kunna min bidiyon atisaye.

"Habu, kalli mutuminka," in ji shi.

Na ga Sagir ya tari wani matashi ya kwashe shi kamar buhun dusa. Na ga na biyu, haka. Na fara murmushi. Sai ga kyaftin ɗinmu, Mista Colin, ya taho da ƙwallo. Sagir ya rage gudu, ya miƙe tsaye, ya kau da kai, ya kai hannu ya kama riga. Mista Graham ya nuna min irin wannan har sau shida.

"Tsoro yake ji," in ji shi. "Yana zaɓen wanda zai kayar. Ni ba na sa mai kau da kai a fili, don ta haka ake karya wuya. In bai gyara ba kafin ranar tantancewa, babu shi."

Raina ya ɓaci, amma na san ruwa ba ya tsami banza. Na roƙi a sake kunna min. A kallo na biyu na lura mutum uku ne kawai yake yi wa haka, kuma ba su ne suka fi girman jiki ba. Abin da ya haɗa su furfura ce. Kulob irin namu ba na ƙwararru ba ne, za ka ga mai shekara arba'in da biyar yana bugawa, kuma Mista Colin yana cikinsu.

Ranar Alhamis bayan an tashi na ja Sagir gefe.

"Kai, me ke tsakaninka da kyaftin?"

Ya sunkuyar da kai. "Babu komai, Kawu."

"To tsoronsa kake ji?"

Nan ya ɗago. "Wallahi Kawu ba tsoro ba ne. Mutumin nan ya kusa haifata. Shi ya ba ni takalmin da nake bugawa da shi. Kullum shi ke sauke ni a unguwarmu, International City, alhali ba hanyarsa ba ce. Na ci abinci a gidansa, matarsa ta zuba min da hannunta. Sai kuma in ɗaga shi in maka da ƙasa a gaban mutane? Haba Kawu. In Baba ya ji ai khalas, na gama yawo."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da aka raine mu a kai ke nan, ni da shi. Na tuna ni kaina na shekara biyu a kulob ɗin kafin in iya kallon Mista Graham cikin ido.

Na koma na yi wa koci bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin ya burge shi, amma sauran ƙungiyoyin ma suna da masu furfura, kuma ba za su rage gudu don an girmama su ba. Gaskiya ya faɗa, ban ja da shi ba.

Na gwada duk abin da na sani. Na kawo doguwar jakar soso da ake koyon kayarwa da ita, Sagir ya kusa fasa ta. Na sake bin ƙa'idar da shi ɗaya bayan ɗaya: ka rusuna, idonka a kan ƙugunsa, kafaɗarka ta daki cinyarsa, kanka ya bi ta bayansa, ka naɗe ƙafafunsa da hannu biyu, ka ci gaba da tura ƙafa. Ya haddace kamar karatun allo. Na sa Mista Colin da kansa ya yi masa magana, abin ya ƙara lalacewa, don yanzu kunyar ta zama biyu. Sagir ya ce "to, in sha Allahu", da aka busa usur ya sake kama riga.

Mako ɗaya ya wuce a haka. Ranar Juma'a bayan masallaci ina zaune a ɗakina na ce wa kaina, Habu, wata bakwai na zufar mutumin nan ba za su tafi a banza ba. Tarbiyyar da ta hana shi taɓa babba, ita ce kuma ta hana shi ƙin umarnin babba. Kuma a duk filin nan babu wanda yake jin nauyinsa kamar ni.

Washegari na ce ya zo da wuri, kafin sauran. Na cire usur, na sa robar kare haƙori, na ɗauki ƙwallo, na ja layi da ƙafa.

"Zan taho da gudu. Kada in tsallake layin nan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Kawu, gwiwarka fa."

"Gwiwata ce ko taka? Ni na sa ka. In ka ƙi, ka raina ni."

Na taho. Ya buɗe hannu ya rungume ni kamar ya tare ni a filin jirgi. Na ture shi na koma. Na biyu ma haka. A na uku na ce a raina yau sai dai a yi wacce za a yi, na saki gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Da ya ga da gaske nake sai ya kau da kai, ya kai hannu ya cafki hannun rigata. Gudun ya juya ni a iska, ƙafata ta harɗe, na faɗi a kan kafaɗar dama, duk nauyina a kanta. Na ji wani abu ya ce ƙas.

Sagir ya durƙusa a kaina. "Innalillahi! Kawu, ka gani ko? Abin da nake gudu ke nan."

Na daɗe kafin numfashina ya dawo. Da ya dawo na ce ya zaunar da ni.

"Ka san me ya ji min ciwo?" na tambaye shi. "Ba ƙarfinka ba ne, tausayinka ne. Da ka shige ni yadda na koya maka, da tare za mu sauka, ni a kan gefena, hannunka na riƙe da ƙafafuna. Ka ja ni da riga ka sake ni, na faɗi yadda Allah ya so. Haka za ka yi wa kyaftin wata rana, kuma shi a kan wuya zai sauka. Wannan ne ladan takalmin da ya ba ka?"

Idonsa ya kawo ruwa.

Na miƙe na ɗauki ƙwallon da hannun hagu. A lokacin sauran 'yan wasa sun fara isowa, mai duba rauni tana ɗaga min hannu daga nesa in tsaya. Na yi kamar ban gan ta ba. Yau ina gaya muku kada wanda ya kwaikwaye ni a wannan, wauta ce, ƙa'idar aikinmu ita ce wanda ya ji rauni ya fita. Amma na san in na bar filin a lokacin, Sagir ba zai sake kusantar mai furfura ba har abada.

"Yalla, mu je," na ce. "Ta gefen hagu. Ka yi daidai."

Na taho. Na ga ya rusuna, idonsa a kan ƙuguna. Kafaɗarsa ta daki cinyata, ƙafafuna suka haɗe, sai ga ni kwance ina kallon sama. Wallahi faɗuwar ba ta yi min zafin komai ba, sai numfashi da ya ɗauke. Ina jin Mista Colin yana tafi daga bakin fili yana ihu.

A asibiti aka ce jijiyar kafaɗa ce ta yage, aka rataye min hannu mako shida. Mista Graham ya rubuta min takardar gargaɗi, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da na taɓa samu, kuma na sa hannu ban yi gardama ba. Matata, Maman Yusra, da ta ji a waya ta ce tsufa ya zo min da gardama.

Ranar tantancewa aka raba 'yan wasa gida biyu, aka sa Sagir a ɓangaren da ke fuskantar kyaftin. Da gangan koci ya yi. Ina tsaye a gefe hannuna a rataye. Ba a daɗe da farawa ba Mista Colin ya karɓi ƙwallo ya nufo shi kai tsaye, bai ko yi ƙoƙarin kaucewa ba. Sagir ya rusuna ya shige shi. Ƙarar haɗuwarsu har inda nake. Suka sauka tare, Sagir ya tashi nan take ya tsaya a kansa ya ƙwace ƙwallon, kamar yadda doka ta ba shi dama. Sai da aka busa hutu sannan ya je ya rusuna a gaban kyaftin yana ba shi haƙuri. Kyaftin kuwa ya kama kan Sagir da hannu biyu yana girgizawa yana dariya, ya ce shekara biyu ke nan rabon da wani ya ɗauke shi a matsayin ɗan wasa.

Da yamma aka kafe sunaye. Sunan Sagir na cikin rukunin farko, lamba shida aka ba shi.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne aikinmu ba tsoka kaɗai ba ne. Za ka iya auna nauyin mutum da gudunsa har ka cika littafi, ba ka san abin da ke riƙe masa kafaɗa ba. Kowa da abin da ya taho da shi daga gidan ubansa, kuma ba a ce masa ya yar. Ban cire wa Sagir kunya ba, ba na ma so in cire. Nuna masa na yi cewa a cikin wannan fili, girmama mutum shi ne ka tare shi da dukkan ƙarfinka, ka sauke shi lafiya.

Bayan an watse Sagir ya same ni ina fama da jakata da hannu ɗaya. Ya karɓa ya rataya, muka nufi tashar mota. Da muka yi nisa sai ya ce, "Kawu, don Allah ka yafe min kayarwar da na yi maka."

Na ce, "Ta farko na yafe. Ta biyu kuwa, in ka sake ba ni haƙuri a kanta, sai na sa ka zagaye filin nan sau goma."