Trevor Maddigan da Waƙafin da Ya Ɓace

Shekara talatin da ɗaya Trevor Maddigan ya yi a ma'ajiyar kayan gyaran jiragen ruwan soja a Rockingham, amma bai taɓa fita teku ba, don jiri yake ji. Aikinsa shi ne ya buɗe akwati, ya auna abin da ke ciki, ya gwada da abin da takarda ta ce. A tsaye yake cin burodinsa da cuku.

'Yata Kerryn tana ofishin da ke sayo kayan. Ta rasu a watan Maris. A watan Yuni sai ga Trevor a ƙofarmu, riƙe da wani zoben roba da hannu zai shige ciki.

Mijina Neville ya ce, "Tsoho, awarwaro ka kawo wa matata? A gabana?"

"Kai dai ba ni hanya, mai sanƙo. Maman Kerryn, zauna ki ji."

Ya ce irin wannan zoben ne ke hana famfo yoyo a jirgin da ke kai wa sauran jirage mai a teku. Wanda ake buƙata ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba. A Turai aka ƙera jirgin, kuma su can waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo. Littafinsu ya ce milimita 12,5. Kwamfutar ofis ba ta san waƙafi a wannan gurbin ba, sai ta haɗiye shi, aka sayo mai 125. Mako biyar jirgin na ɗaure a bakin ruwa, kuma rahoto ya ce kuskuren Kerryn ne. Sa hannun Trevor kawai ake jira a rufe maganar.

Na ce, "Ita ce ta yi?"

"Abin da ya hana ni sakat ke nan! Ita fa ta koya wa ofishin nan zancen waƙafi. Har tsawa ta taɓa yi mini a kai, ni da nake sa'an ubanta."

"To, ba ita ba ce ke nan."

"Amma da sunanta aka shigar da odar a kwamfuta."

"To, ita ce."

"Ai lambar sirrinta a jikin kwamfutarta take manne, kowa da ita yake aiki idan tasa ta ƙi."

Neville ya karɓi takardar odar daga hannun Trevor ya duba kwanan wata. Ranar ce muka kai ta asibiti. Ta je aiki da safe, ta kira ni da ƙarfe sha ɗaya tana cewa lambobi na rabe mata gida biyu. Takardar ba ta nuna lokaci ba.

Trevor ya daɗe yana kallon tabarmar ƙofa. Ya ce, "Da ma ban zo ba."

Bai sa hannu ba. A gurbin sunan mai kuskure ya rubuta cewa ba a sani ba. Sau uku ana dawo masa da takardar don babu irin wannan amsa a tsarin, sau uku yana mayar da ita haka. Jirgin ya tashi a watan Yuli. Trevor ya yi ritaya a ƙarshen shekara, ya bar rahoton a buɗe, kuma na ji har yau ba wanda ya san teburin da ya kamata a kai shi.