Shekarar da Ruwan Farko Ya Zo Sau Biyu

Idan kika shigo unguwar Herwagana kika tambayi gidan Mama Hilda, ba mai nuna miki da hannu, cewa za a yi ki bi ƙamshin citta. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma na rantse ban taɓa ganin mace mai alfahari da ruwa irinta ba. Wasu na taƙama da gwal, wasu da 'ya'ya a Abuja, ita da durom bakwai take taƙama, shuɗɗa, jere a ƙarƙashin indararo, kowanne da murfinsa da ƙyallen tacewa.

'Yar Kaltungo ce. Ta yi shekara ashirin tana goge daɓen asibiti, to tun daga nan ta ɗauki kanta rabin likita. Da ta yi ritaya sai ta kama zoɓo da kunun aya, kuma da ruwan sama kaɗai take yi muddin akwai shi, wai na motar tanka ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Abin da take faɗa wa duk wanda ya tsaya, har wanda bai tambaya ba, shi ne ba cikin da ya taɓa murɗawa saboda abin da ya fito daga hannunta. Gaskiya ne kuwa. Sunan nan shi ne duk abin da ta mallaka, ta fi ji da shi a kan mijinta Baba Jerome, shi ma ya sani, ya haƙura.

Doka ɗaya ta kafa mana a layi: ruwan farko na wankin kwano ne, na biyu na sha. Kwanon rufin gida take nufi, haka kakarta ta koya mata. Idan ruwan farko ya sauka ta hango bokiti a ƙarƙashin indararon wani, da ƙafa take kifar da shi, ko na matar fasto ne, ko na matar liman. Mu kuwa muka haddace, har yara na rera shi suna tsalle.

To bara ne shekara ta yi mana wasa da hankali. Ƙarshen Maris, ana tsakiyar zafi, ba zato sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mama ta zagaya tana kifar da bokitai, ta dawo tana cewa shi ke nan, an wanke kwano, sai a jira na sha. Muka jira. Mako ɗaya, mako uku, mako bakwai, ko ɗigo. Zafi kuwa irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ƙuraje suka feso wa yara a wuya, masu kurar ruwa suka koma sai an bi su da lallashi. Ga bikin autarta Becky ya matso, ga durom bakwai a bushe ƙayau. Mama ta rame. Kullum tana tsakar gida hannu a ƙugu tana hararar sama kamar ta kama ta da sata.

Ranar Talatar makon biki, da la'asar, hadari ya haɗo ta gabas ya ɓarke. Wayyo daɗi! Layinmu ya haukace. Matar liman ta fito da tukunyar tuwo, wani tela ya fito da kwandon wanki, sai da ruwa ya zube ta ƙasa ya tuna kwando ne. Baba Jerome, da shekarunsa saba'in, ya cire riga yana rawar garinsu a cikin taɓo. Mama na gudu daga durom zuwa durom, ɗankwali ya faɗi ba ta sani ba, tana shelar cewa na biyu ne, kowa ya tara. Ni ma na cika randa biyu, na ɗebo a moɗa na ba 'yata Lubna mai shekara huɗu, ta shanye ta ce a ƙara.

Laraba Mama ta haɗa zoɓon gwaji, Baba Jerome ya sha kofi uku, don shi ne mai ɗanɗanawa tun ranar aurensu. Alhamis da safe muka ga tsoho yana zarya tsakanin ɗaki da bayi, riƙe da wando, yana cewa a ba shi hanya. Wallahi dariya na yi har da riƙe ciki. Ban gama dariyar ba Lubna ta yi amai a cinyata, gudawa ta biyo baya, kafin azahar idonta ya faɗa, wuyanta ya saki.

Na saɓe ta sai ƙaramin asibitin unguwa. Da na shiga sai na ga kamar taron layinmu aka kira: jikan matar liman, 'yan biyun tela, Baba Jerome a kan benci an ɗaura masa ƙarin ruwa. Nas ɗin ta tambayi abin da muka sha, muka haɗa baki muka ce ruwan sama, amma na biyu ne. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce mako bakwai tattabaru da ƙadangaru da jemagu suna kashi a kan kwanonmu, wane na biyu? Ta ce damina ta daina zuwa a jere kamar dā, duk ruwan da ya biyo dogon fari na farko ne, ko sau nawa ya zo.

Mama Hilda na bakin ƙofa da kwanon kunun mijinta, ta ji komai. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, tsoro ya cika ni, na juya na ce mata, “Mama, dokarki ce ta kwantar min da 'ya.” Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ajiye kwanon ta fita.

Abin da ta yi daga nan a bakin mutane na ji. Ta kifar da durom bakwai ɗin nan da hannunta, ana saura kwana biyu biki, ruwa ya malale har titi. Sannan ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta bi gida gida tana kaɗawa, tana cewa ita Hilda ta yi kuskure, dokarta ta mutu, duk mai ruwan Talata ya tafasa ko ya zubar. Matar da ko gishiri ya yi yawa a miya sai ta ce laifin gishirin ne! A kowane gida sai ta tsaya ta nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ta wuce.

Allah Ya taimaka, Juma'a da yamma Lubna ta tashi ta nemi biskit. Muka dawo gida muka tarar layi ya zama madafa, kowace mace ta hura murhu ana tafasa ruwan tanka saboda zoɓon biki. Ba wutar lantarki, ba ƙanƙara. Ranar Asabar, cikin zafin nan, baƙi ɗari biyu suka sha zoɓo mai ɗumi suna fifita da katin gayyata, dangin ango na tambaya ko al'adar Kaltungo ce. Baba Jerome ya ce musu eh, tsohuwar al'ada ce sosai.

Na je bikin, amma da ruwana a jaka. Ana cikin rawa sai ga Mama ta ratso mutane, ashobinta, wato ankon biki, ya jiƙe da gumi, riƙe da kofi ɗaya. Ta durƙusa a gabanmu, tsohuwa da ita, ta kurɓa a kan idona, sannan ta ce, “Maman Lubna, sau biyu na tafasa shi. In ba ki yarda ba, ba zan ji haushi ba.”

Lubna ta miƙa hannu, ni kuma na riƙe mata shi gam. Na dubi kofin, na dubi Mama, na tuna wuyan yarinyar nan a kafaɗata ranar Alhamis. Sannan na saki.

Ta shanye tas, ta lashe baki, ta ce a ƙara. Mama ta zauna daɓas a ƙasa cikin ashobinta tana kuka tana dariya, ta aika a kawo jug ɗin gaba ɗaya.